Zoben taunawa na jika biyu da rabi: yadda muka kwashe da shi

Ɗiyata tana da wata 6 da 'yan kwanaki ta fara dalalar da miyau kamar an kunna famfo. Duk abin da hannunta ya kai sai baki: gefen zanena, makullin babur ɗin babanta, har kafaɗata in na saɓa ta. Dasashinta na ƙasa ya kumbura ya yi ja, da dare kuwa ba mai runtsawa. Uwar mijina, da ta zo mana daga Tawa, ta leƙa bakin ta ce, "Kishiyar tawa haƙori za ta yi, a nemo zuma a shafa mata." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ungozoma ta hana a ba jariri zuma sai ya cika shekara." Ta taɓe baki.

Sai na nemo mata zoben taunawa, wato abin da jariri ke cizo don dasashi ya lafa. Na farko a Babbar Kasuwar Yamai na saye shi, dala ɗari, irin mai ruwa a ciki. Kwana 4 ya yi, ya tsage ta gefe, ruwan ya fara tsiyaya. Na jefar. Ba zan sake sayen mai ruwa ba ko kyauta ne.

Na biyu daga wata farmasi kusa da mu a Bukoki, jika biyu da rabi. Na ji kuɗin, amma robar silikon ce curi guda, ba ruwa, ba wani ɗan abin da zai ɓalle ta haɗiye. Gefe ɗaya sumul, ɗaya da ƙuraje-ƙuraje, kuma mai ƙurajen take nema, tana goga shi a dasashi tana gurnani kamar 'yar mage. Matar da ke sayarwa ta ce in sa shi a firigo, kada in kai shi wajen ƙanƙara, don in ya daskare zai ji wa dasashin ciwo. Ta kuma gargaɗe ni da ɗaura mata shi a wuya da zare, saboda shaƙewa.

In yana da sanyi, aiki yake yi sosai: kukan yakan tsaya, har in samu in ɗora tukunya. Sai dai zafin Yamai ba ya barin sanyin ya kai minti 10. Ranar da babu wuta, cikin kofi mai murfi nake sa shi, in jingina a ruwan randa. Ga faɗuwa ƙasa, ga ƙura. A yini nakan wanke shi da sabulu ya fi sau biyar, da dare in tafasa, kuma har yau bai canja kama ba. Da yana da abin maƙalawa a riga, da na huta.

Na tambayi matar farmasin ko akwai maganin shafawa a dasashi, ta girgiza kai. Tun 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kada a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba irin mai sinadarin benzoken. Masu yawo da magani a faranti kuwa, ni ba na ma tsayar da su. Ban manta da ruwan maganin haƙorin da ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009 ba.

Ana cikin haka damina ta sauka, wata rana da magariba jikin ɗiyata ya yi rau, ta ƙi nono, zoben ma ta ture shi. Na auna, zafin ya haura digiri 38. Inna ta ce, "Haƙori ne, kowane yaro haka yake yi." Na goya ta muka tafi asibitin unguwa. Aka huda yatsa, ba a jima ba sakamako ya fito: zazzaɓin cizon sauro. Ma'aikaciyar jinyar ta ce fitar haƙori yakan ɗan ɗumama jiki, amma ba ya kawo zazzaɓi mai ƙarfi ko zawo, iyaye ne ke ɗora masa komai har ciwo ya ci yaro. Inna tana gefe, ba ta ce uffan ba, ita ce ma ta riƙe mini kwalbar magani har gida.

Yanzu haƙora biyu na ƙasa sun fito, saura 18 kafin ta kai shekara 3, kuma zoben duk sawun cizo ne. Da Inna za ta koma Tawa, ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini kuɗi, wai in sayo mata ɗaya, jikanta na wajen autarta ya fara dalala.