Silika ko alumina, wanne ya fi kare farin fenti?

Farin da ke cikin yawancin fenti titaniyom dayoksayid ne, matsalarsa in rana ta buge shi sai ya rika cin dankon fentin, shi ya sa in ka shafa tsohon bango za ka ga farin gari kamar alli a hannunka. Don haka masana'antu ke lullube kowace kwayar wannan farin da silika (sinadarin da ke cikin yashi) ko alumina (aluminiyom oksayid) tun yana cikin ruwa.

Silika dai ba wasa, daga sodiyom silikat ake zubo ta a hankali ana rage pH, wato ana kara wa ruwan tsami, har ta yi wa kwayar bawo mai kauri kamar gilashi, ita ce ke tare barnar rana, sai dai kwayoyin sukan dunkule kuma wahalar tacewa gare ta. Alumina kuwa aikinta watsa garin cikin fenti da sa shi sheki, amma ita kadai ba ta jure rana sosai. Dubi na kamfanin Chemours mai yin wannan farin, samfurinsa Ti-Pure R-900 lullubin alumina zalla gare shi, na cikin daki, R-960 kuma lullubinsa silika ce a ciki alumina a waje, don fentin mota da na waje.

Ni kam in bangon waje ne, mai silika zan saya ko da ya fi tsada.