Rumfar gwajin firgici bayan ambaliyar Maiduguri: yadda aka auna Inna da Baba

Wata biyu bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle har ruwa ya mamaye unguwarmu ta Gwange a ranar 10 ga Satumba, 2024, wata ƙungiyar agaji ta kafa rumfar duba lafiyar ƙwaƙwalwa kusa da inda muke zaune, ni kuwa na raka iyayena duka biyu. Kyauta ake yi, ma'aikatan suna da haƙuri da iya tarbar mutane, kuma akwai tafinta mai jin Hausa da Kanuri.

Takardar da suke amfani da ita sunanta PCL-5, wadda aka tsara a Amurka don auna alamomin larurar firgici da ke biyo bayan masifa (PTSD). Tambayoyi 20 ne game da abin da mutum ya ji cikin wata guda da ya wuce, kamar munanan mafarkai, razana da rashin barci, ana ba kowace maki daga 0 zuwa 4, jimilla 80; wanda ya kai wajen 31 zuwa 33 akan tura shi ganin likita.

Inna ta dace, domin mace ce ta yi mata tambayoyin a bayan labule. Ta faɗa mata yadda gabanta ke faɗuwa ko ƙarar famfo ta ji da dare, da yadda ta daina wanki a babban baho saboda ba ta son ganin ruwa a tare. Makinta ya haura, aka ba ta ranar dawowa, kuma zaman da ta riƙa yi da su ya yi mata amfani ƙwarai. Ina yaba musu a kan wannan har zuciyata.

Baba kuwa a kan benci aka tambaye shi, maƙwabta na zaune suna jiran layi. Da yarinyar da ke yi masa tambayoyin ta ce, "Baba, kuna jin tsoro idan kun tuna daren?" sai ya gyara hula ya ce, "Alhamdu lillahi, 'yata, ai ya wuce." Aka rubuta sifili. Wannan mutumin ne nake gani da ƙarfe biyun dare yana zagaya gida da tocila yana haska lambatu, shi ne kuma ya koma yi wa jikoki tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali takardar kanta tana da tambaya a kan zafin rai da yawan zama cikin shiri. Dattijon da aka yi wa tarbiyya a kan cewa namiji ba ya nuna gazawa ba zai amsa tsoro a gaban sa'ar 'yar cikinsa ba, balle a bainar jama'a.

Na san bincike ya daɗe yana nuna cewa ana samun wannan larura ga mata kusan ninki biyu na maza, kuma ba na musun wahalar mata, musamman waɗanda suka tsallake ruwa da goyo. Damuwata ita ce, idan haka ake tambaya, wani ɓangare na ratar daga yanayin tambayar yake fitowa, kuma da waɗannan alƙaluma ake raba magani da ma'aikata.

Duk mai niyyar kai mahaifinsa irin wannan rumfa ya je, amma ya roƙi a ba shi ma'aikaci namiji da wuri keɓaɓɓe, a kuma fara da batun barci kafin a ambaci tsoro. Haka na roƙa da muka koma a mako na biyu, suka amince ba tare da musu ba, Baba ya shafe kusan sa'a guda a ciki.