Na kai masu injin yankan itace gonarmu, ga yadda muka ƙare da su

Tun da sanyi ya shigo mutum uku suka kira ni wai ya muka ƙare da masu injin nan da na kai gonarmu, su ɗauke su ko kar su ɗauka, to na gaji da maimaita magana ɗaya bari kawai in rubuta kowa ya karanta ya yanke wa kansa. Sunan mai injin kam ba zan faɗa ba, ba na son a ce na tona wa wani asiri a kan abincinsa.

Gonar tamu tana ƙauye a ƙasar Ringim, gadon mahaifinmu ce Allah ya ji ƙansa. Shi ya dasa darbejiya jere a kan iyaka lokacin da ake raba dashe, tun muna cikin jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991, to yanzu sun zama manya manya, inuwarsu ta fara cinye wa maƙwabcinmu gero har ya yi wa mai unguwa magana sau biyu. Ga kuma wani tsohon marke da iskar damina ta kayar yana nan kwance. Ga bikin ƙanwarmu ya matso, kun san girkin biki ba wasa ba. Gas kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, Inna ta tura tukunyar ƙarƙashin gado ta ce a ƙyale ta da murhunta. Sai na ce to a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, a yi wa darbejiyar aski, a daddatsa marken.

Abu na farko, kafin inji ya taɓa bishiya mai rai ko da a gonarka take ka je ka sanar da mai unguwa, ka kuma ga malamin daji na ƙaramar hukuma. Ni na je, ya zo ya duba ya ce rassa za a sauke ba kisa ba, shi ke nan. Wanda ya tsallake wannan ya sha tara kar ya ce ban faɗa ba.

Mun yi ciniki a kan naira dubu 45, fetur da mai a kaina, abincin rana ma a kaina. Ya ce ƙarfe 7 za su iso. Ƙarfe 10 saura suka zo, shi da yaronsa, injin ɗaure da roba a bayan babur, wai hazo ne ya hana su ganin hanya. Na san dai bargo ne ya riƙe su amma na yi shiru don ni ma da kyar na fito ran nan.

Injin an rubuta Stihl a jikinsa, kamfanin Jamus ne, amma da na matsa masa sai ya yi dariya ya ce Yallaɓai rubutun ne na Jamus, cikin na Caina ne. Irin injin nan ne da ake haɗa wa fetur da mai wuri ɗaya kamar ƙaramin janareton Tiger, kamfani ya ce kashi 50 na fetur kashi 1 na mai, shi kuwa da gwangwanin tumatir yake aunawa da ido. Sarƙar kuma baƙin man da aka juye daga mota yake zuba mata. Yana aiki dai.

Gaskiya a kan marken nan ba ni da abin cewa sai yabo. Bishiyar da in da gatari ne sai mutum biyu sun kwana uku a kanta, kafin azahar ya mayar da ita gunduwa gunduwa. Marke kuwa wanda ya san shi ya san ƙarfe ne da ya bushe, ga yashi ya shiga ɓawon saboda daɗewa a ƙasa, sau uku yana tsayawa ya ɗauko ɗan magagari mai kama da fensir ya bi haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna min ma yadda ake gane ta dakushe, wai in inji yana fitar da ɓarɓashi manya to lafiya, in ya koma fitar da gari kamar dusa to haƙora sun mutu, fetur kawai kake ƙonawa. Wannan na ƙaru da shi.

Kuskurena ɗaya a nan, ban ba shi ma'auni ba. Wasu gungumen ya yi su kamu ɗaya, wasu kusan kamu uku, ga murhun Inna ba ya cin dogon itace sai rabi yana ciki rabi yana waje yara suna tuntuɓe. Don Allah in za ku kira su ku yanko kara daidai tsawon da kuke so ku miƙa masa, ku ce kar ya wuce haka.

Inda muka ɓata shi ne darbejiya. Na faɗa masa da bakina, a sauke rassa daga sama da inda hannun mutum yake kaiwa, a bar gangar jikin, don darbejiya in aka yi mata haka kafin damina ta ƙare ta sake yin kai, shekara uku ko huɗu ka dawo ka sake samun itace, ita kamar tunkiya ce da ake tatsa ba yankawa ba. Uku na farko ya yi daidai. Na tafi sallar azahar na biya gida na ɗauko musu abinci, ina dawowa sai na ga ta huɗu babu ita, an datse ta daidai gwiwa. Ban gama salati ba na hango yaron ya saɓa injin ya nufi gawon tsakiyar gona.

Na ce kai, kai yaro, ina za ka?

Ya ce Kawu oga ne ya ce a rage wannan ma tunda fetur ya saura.

Tunda fetur ya saura! Wallahi da na ƙara minti goma a gida da an yi min ɓarnar da kuɗi ba ya gyarawa. Gawo fa, bishiyar da take zubar da ganyenta da damina ta bar wa gero rana, da rani kuma ta yi kore shar dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yanta su bar taki, duk manomi ya san geron ƙarƙashin gawo ya fi na ko'ina kai. Shi mai injin da na tuhume shi sai cewa ya yi ai hawa sama da inji akwai haɗari, daga ƙasa ya fi sauƙi. Na yarda akwai haɗari, to ai sai ka faɗa tun a ciniki. Kuma mai maganar haɗari silifas ne a ƙafarsa, ba tabarau ba komai, yaron ma idonsa ya yi jajur da ɓarɓashi. Na cire dubu 5 a kuɗinsa a gaban mai unguwa, na biya sauran.

To sun tafi sun bar min gungumomi zube a gona, don su ba sa faskare, yanka kawai. A nan ne Allah ya haɗa ni da wani dattijo ɗan ci-rani daga wajen Damagaram, ta Maigatari ya shigo da gatarinsa, yara har tsokanarsa suke da haka. Dubu 18 muka yi da shi da abinci, kwana huɗu ya yi, kuma in kun tambaye ni shi ne ya yi aikin.

Baba ba ya gaggawa. Zai tsaya ya juya gungume ya dube shi kamar mai sayen sa a kasuwa, yana neman inda ya fara tsagewa da kansa, sai ya ɗora shi a kan wani gungumen ba a ƙasa ba don kar bakin gatari ya sha yashi, sara biyu uku ka ji ƙaf ya rabe. Inda reshe ya fito ba ya sara ta nan, ya ce nan ne itace ya ƙulla fushinsa, zagayawa yake ta gefe yana ɓare shi kaɗan kaɗan. Masu taurin kai na marke kuma akwai wani guntun ƙarfe mai baki da yake kafawa a tsagar ya bi da guduma. Darbejiyar ya ce a fara da ita tun tana ɗanya, in ta bushe jijiyoyinta sarƙewa suke ta wahalar da mutum a banza. Kullum da yamma sai ya tsoma kan gatarin a bokitin ruwa ya kwana, na ce Baba wannan fa, ya ce ɗana iskar hunturu tana tsotse ƙota ta motse, ruwan gatari ya yi sako-sako, ka ɗaga ka ga ya tashi sama ya sauka a kan wani. Ni ɗan ƙauye ne amma wallahi na manta da wannan, zaman birni ya lalata mu.

Amalanke shida muka kwaso zuwa gida. Ni da na so a jibge a bayan ɗakin Inna kusa da karan dawa, Baba ya ce a'a, ya ce lokacin nan da tartsatsi ɗaya yake cinye unguwa ba a haɗa itace da kara da rumbu wuri ɗaya. Ya zaɓi can gefen katanga inda iska take bi, ya sa yara suka kawo fasassun bulo, ya barbaɗa toka a ƙasa saboda gara, ya shimfiɗa dogayen sanduna biyu a kan bulon sannan ya fara jeri. Kowane ƙarshe ya gina shi gicciye, sahu ɗaya haka sahu ɗaya haka kamar ana ɗaura rumfa, shi ya sa jerin ya kai ƙirjina bai karkace ba. Ya bar taki ɗaya tsakaninsa da katanga, bakunan itacen suna kallon inda iska take fitowa wato gabas maso arewa. Marke daban, darbejiya daban, ƙirare a ɗaure dami dami a gefe. Ya ce marken a ajiye wa tukunyar biki da ruwan wankan mai jego don shi yake daɗewa yana ci ya bar garwashi, darbejiya kuma kar a taɓa ta sai ta yi wata guda aƙalla, ɗanyarta hayaƙi ne mai ɗaci da zai sa mai tuwo kuka. Ya kuma ja wa yaran kunne su riƙa ɗauka daga sama, banda zura hannu ƙasa, kunama da maciji suna son ɗumin wurin.

Yanzu sati biyar ke nan. Bakunan duk sun tsattsage, ka ɗauki biyu ka buga ka ji ƙara ƙwal ƙwal maimakon dib dib ɗin ɗanye, nauyin ma ya ragu sosai. An yi biki an gama da marke ko rabinsa ba a ci ba, almajiran tsangayar unguwarmu ma Inna ta sa an kai musu dami biyar na wutar karatun dare. Kafin ruwa ya sauka zan ɗora tsohon kwano a saman, Baba ya ce sama kawai, kar a naɗe shi da leda ya yi gumi.

Don haka masu tambaya, in busasshiyar bishiya ce babba ta faɗi, ku ɗauki mai inji, kuɗin bai kai wahalar da zai ɗauke muku ba. In aski ne za a yi wa mai rai, ko dai ku nemi mai gatari da ya iya hawa, ko ku tsaya a kansu ƙafa da ƙafa, a kawo muku abinci da buta nan gonar, ku ɗaura tsumma a jikin duk bishiyar da ba a taɓawa, fetur ɗin da ya saura kuma ku karɓe abinku. Mai inji na ba shi shida cikin goma, Baba kuwa na riga na ce masa baɗi in Allah ya kai mu ya fara sauka gidanmu. Kututturen darbejiyar na kewaye shi da ƙayar magarya saboda awaki, ya fara toho. Shi kuma ogan har jiya yana min fulashin a kan dubu biyar ɗinsa.