Zagayen Constitution Hill a Johannesburg, ya biya kudinsa

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Johannesburg ya daure ya yanki tikitin zagayen nan, kuma ya dauki mai jagora kar ya ce zai zaga shi kadai. Tsohon gidan yari ne, an tsare Gandhi da Mandela a ciki, yanzu kuma nan ne kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu, har da bulon tsohon kurkukun aka gina wani bangare nata.

Jagoranmu ya san aikinsa gaskiya. Da muka shiga zauren kotun wani ya yi tambaya kan auren jinsi, bai yi kwana-kwana ba, ya ce sashe na 9 na kundin tsarin mulkin kasar na 1996 ne ya hana nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake sha'awa, da shi kotun ta soke dokokin da suka haramta luwadi a 1998, sannan a Disambar 2005 a shari'ar Fourie kan auren jinsi, alkali Albie Sachs ya rubuta hukuncin da ya ba majalisa shekara daya ta gyara dokar aure, ta kuwa yi a Nuwambar 2006, kasa ta farko a Afirka kenan. Ni da na fito daga Najeriya inda dokar 2014 ta sa daurin shekara 14 kan auren jinsi, abin ya daure min kai, amma bayani ya yi ba wa'azi ba, kowa ya rike ra'ayinsa.

Bangaren tsohon kurkukun da ake kira Number Four akwai tada hankali, in da kananan yara a yi tunani. A sa takalmi mai dadi, akwai tafiya.