Gargaɗi: mai tallar gilashin ido a Instagram da ba ya tambayar PD, wato tazarar da ke tsakanin idanu biyu

Jama'ar Jos, musamman masu yara ɗalibai, a yi hattara da wani mai tallar gilashin ido na magani a Instagram da WhatsApp. Ba zan kama suna ba, don a wata biyun nan sau biyu yana sauya sunan shafin. Da aikinsa za ku gane shi.

Ƙanwata ba ta ganin nesa, lambar ƙarfin gilashinta -5.00 a kowane ido. Gilashinta ya karye ana gab da jarrabawa, ta ci karo da tallan, ta tura masa hoton takardar likita da naira 38,000. Ta tambaye shi ko ba sai an auna ta ba. Ya ce, "Hajiya, takarda ta wadatar, ai idon manya duk ɗaya ne." Bayan kwana shida kaya suka iso tashar Bauchi Road, firam ɗin gwanin sha'awa. Ni kaina sai da na yaba.

Sa shi ke da wuya kai ya fara sara mata. Rubutun allo ya riƙa rabuwa biyu, in za ta sauko daga bene sai ta lalubi matakala da ƙafa. Ya ce ido ne bai saba ba, ta ba shi sati biyu. To, gaskiya ne sabon gilashi kan ɗauki 'yan kwanaki kafin a saba da shi, shi ya sa wannan ƙaryar take shiga. Kafin sati biyun su cika ya toshe lambar wayarta.

Muka kai gilashin asibitin ido. Ma'aikaciyar ta ɗora shi a na'ura, ta ɗiga alama a tsakiyar kowane ɓangare, ta auna tazarar da ke tsakanin alamomin biyu: milimita 66. Ta auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar baƙin idon ƙanwata na dama da na hagu: milimita 58. Wannan tazarar ce ake kira PD. Kowane gilashin magani yana da cibiya guda, kuma dole ta faɗo daidai kan baƙin ido. In ta kauce, gilashin zai karkatar da haske gefe, jijiyoyin ido su wuni suna kokawar haɗa hoto biyu ya zama ɗaya. Yawan lamba, yawan wahala: kaucewar da mai -1.00 ba zai ma ji ba, ita ce mai -5.00 zai sha ninki biyar. PD ɗin yawancin manya yana tsakanin milimita 54 da 74, kuma wani ma hagunsa da damansa ba daidai suke ba. Ina "duk ɗaya" a nan?

Inda yake samun ƙofa shi ne, sau da yawa takardar likita SPH da CYL da AXIS, wato lambobin da ke nuna irin gilashin da za a yanka, kawai take ɗauke da su, babu PD, saboda mai haɗa gilashin ne ya saba aunawa. Don haka in za ku saya daga nesa, ku roƙi a auna muku a rubuta. Ba ya cin minti biyu. Ana iya yi da rula a gaban madubi, amma mai lamba mai ƙarfi, ko dattijon da zai sa gilashin nan mai haɗe da na nesa da na karatu, kada ya dogara da wannan. Shi har tsayin inda ido ya zauna a cikin firam ake aunawa, kuma sai yana sanye da shi.

Ku kuma tambayi mai sayarwa rajistarsa da ODORBN, hukumar da ke yi wa masu gwajin ido da masu haɗa gilashi rajista a Najeriya. Mu ba mu tambaya ba.

Firam ɗin dai ya tsira, an sake yanka mata gilashi a 58, kuɗi sun fita sau biyu. Mun tattara rasit da hotunan hirarsu mun kai ƙorafi FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya. Jiya wata maƙwabciyarmu a Rikkos ta nuna min sabon shafinsa: suna daban, hotunan firam ɗin nan dai, lambar asusu ita ce dai.