Kwana biyu da ƴan rakiya a duwatsun Sulobeniya: yadda na ga aikinsu

To jama'a, ga bayanin kamfanin ƴan rakiyar da na bi muka zaga kwazazzabon Vintgar da magangarar ruwa ta Sabitsa da kogon Shkotsiyan a ƙasar Sulobeniya. Sunan kamfanin ba zan kama ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi, amma irinsu suna da yawa a Lubliyana babban birnin ƙasar, kusan duk tsarinsu ɗaya ne, ƙaramar bas, mutum takwas ko ƙasa da haka, su ɗauke ka da safe su dawo da kai da yamma, tikitin shiga wuraren kuma su ke saya.

A tallarsu sun rubuta wai tafiya ce mai sauƙi kowa zai iya. Wannan maganar ba daidai ba ce kuma ita ce babbar matsalata da su, zan dawo kanta.

Ranar farko Vintgar muka fara, kusa da garin Bled. Kwazazzabo ne mai tsawon kilomita 1.6 wanda kogin Radovna ya yanka a cikin dutse, tun 1893 aka buɗe shi wa masu ziyara, kuma a hanyar akwai gadojin katako da aka kafa a jikin bangon dutsen, kana tafiya ruwa na gudu a ƙarƙashin ƙafarka, kore shar, garau har kana hango kifi ya tsaya cak yana fuskantar igiyar ruwa. Katakon a jiƙe yake kullum saboda feshin ruwa, ga santsi, wani wajen kuma mutum biyu ba za su jeru ba. Can gaba sai ka ɗaga kai ka ga gadar jirgin ƙasa ta dutse a sama, tsohuwa ce tun 1906, sannan a ƙarshe ruwan ya faɗo ta wata magangara da ake kira Shum, wajen mita 13. Abin da ba su faɗa mana ba tun farko shi ne hanyar shiga ɗaya ce, ba a juyowa ta cikin kwazazzabon, sai dai ka zagayo ta daji da hawa, kuma zagayen ya fi na cikin tsawo da cin ƙarfi.

A nan ne na fara gane darajar ɗan rakiyarmu. Akwai wani dattijo a cikinmu mai ciwon gwiwa, da muka fara hawan nan na ga ya tsaya ya dafa bishiya yana maida numfashi, yaron nan bai ce komai ba, ya ciro sandunan tafiya guda biyu daga jakarsa ya daidaita tsawonsu da ƙugun dattijon, ya karɓi jakarsa ya rataya a gaba ga tasa a baya, ya koma can ƙarshen layi suna takawa tare yana masa hirar bishiyoyi don kada ya ji kamar shi ke jawo mana jinkiri. Wallahi abin ya shiga raina.

Daga nan aka wuce tabkin Bohinj zuwa Sabitsa, cikin gandun dajin ƙasa na Triglav. Matattakalar dutse ce sama da 500 kafin ka isa, kuma dai a "tafiya mai sauƙi". Ruwan yana fitowa ne daga cikin jikin dutse ya zubo mita 78, ga wani ƙaramin reshe a gefe sun haɗu a wani kududdufi mai launin kore, iskar wajen sanyi ƙalau ko da rana ta take. Mun sha hawa kusan minti 25 amma minti goma kacal aka ba mu a sama saboda direba na ta kira wai lokaci ya ƙure. Haba. Mutum ya zo daga nesa, ya haɗa gumi, ko zama bai yi ba a ce ya sauko? Laifin masu tsara jadawalin ne da suka cusa wurare biyu masu hawa a yini ɗaya harda tsayawa ɗaukar hoto a Bled.

Rana ta biyu ita ce ta biya ni komai. Motar ta yi lattin kusan rabin awa, ba wanda ya kira ya ba da haƙuri, saura ƙiris mu rasa lokacin shigarmu domin kogon Shkotsiyan, a rubuce Škocjan, ba a shiga sai rukuni-rukuni tare da ma'aikatan wurin a kan lokaci. A hanya ɗan rakiyar ya yi mana bayanin da ya sa na fahimci abin da zan gani, ya ce duk yankin dutsen farar ƙasa ne, ruwan sama yana ɗan tsami kaɗan saboda iskar da yake kwasowa, to shi ke cin dutsen a hankali shekaru dubbai har ya huda shi, shi ya sa koguna a nan suke nutsewa ƙasa su ɓace. Yankin sunansa Kras, daga nan ma masana suka samo sunan da suke kiran irin wannan ƙasar a duk duniya, wato karst. Kogin da ya haƙa kogon kuwa sunansa Reka, wato kogi kawai a yarensu, yana shiga ƙasa a nan ya yi tafiyar sama da kilomita 30 a ɓoye sai can Italiya kusa da teku yake ɓullowa.

Cikin kogon sanyi ne digiri 12 rani da damina, a tafi da rigar sanyi. Farko shiru ne, ɗigon ruwa kawai da duwatsun da suka zubo daga rufi kamar narkakken kyandir, sai can ka fara jin wani ruri daga nesa yana ƙaruwa yana ƙaruwa har ka fito wani makeken fili wanda fitilu ba sa kai wa rufinsa, ga siririyar gada an ratsa, kogin yana can ƙasa wajen mita 45. Na riƙe ƙarfen gadar, a jiƙe, sanyi har cikin ƙashi, ƙarar ruwan kuma a ƙirji nake jin ta. Ma'aikacin wurin ya haska mana ƙananan matakan da masu binciken farko suka sassaƙa a jikin bango tun ƙarni na 19, sannan ya ce a ambaliyar 1965 ruwa ya tashi har ya shanye wajen gadar nan da muke tsaye. Ba a ɗaukar hoto a wannan sashen kuma gara da aka hana, kowa ya ajiye waya ya kalla da idonsa. Ba banza UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya ba tun 1986.

To zan ba da shawarar a bi su? E, amma da sharaɗi. Motarsu tsaf, tikiti ba layi, ɗan rakiyar ya san aikinsa kuma yana da tausayi, shi kam ba ni da ta cewa a kansa sai godiya. Ofishin ne ke da sakaci. Ko kalma ɗaya ba su rubuta kan takalmi ba, wata baiwar Allah ta zo da mai sulɓin ƙasa ta yini tana dafa bango a Vintgar, ga zancen matattakala da suka ɓoye wanda ga mai ciwon gwiwa ko hawan jini ba ƙaramin abu ba ne. Kafin ka biya ka tambaye su matakai nawa ne, minti nawa za a tsaya a kowane wuri, kuma in da hali a raba Vintgar da Sabitsa kowanne da ranarsa. In kuma yini ɗaya kawai gare ka to ka ce musu Shkotsiyan, ka sa takalmi mai gargada a ƙasa, ka kira su tun da dare su tabbatar maka da ƙarfe nawa motar za ta zo.