Katin girafik ɗin da aka sayar min da sunan GTX 1050 Ti

Duk mai aikin haɗa bidiyo ko zane da ke neman katin girafik (na'urar da ke sarrafa hoto a kwamfuta) mai sauƙin kuɗi, idan aka miƙo maka GTX 1050 Ti mai ma'ajin hoto 4GB a kwali sabo fil, farashinsa kuma bai kai na tsoho ba, ka juya shi ka dubi bayansa kafin ka taɓa aljihu. In ka ga ramin VGA, shuɗin nan mai huji 15 da ake jona wayar monita, ka ajiye musu kayansu ka kama gabanka. Ni na saya, kuma ko tauraro ɗaya ba zan ba shi ba. Ba zan kama sunan shagon ba. 'Yan harka a nan Kano sun san irin wuraren, sun kuma san yadda farashin yake.

Kwamfutata ta tebur ce, irin ta ofis ɗin nan da ake kawowa ta hannu, Core i5 da ram 16GB. Bidiyon biki nake haɗawa, sai ɗan zanen katin gayyata. Girafik ɗin jikin bod, wato babban falankin cikin kwamfutar, ya fara ja da ƙyar tun da mutane suka koma kawo bidiyo masu nauyi daga wayoyinsu. Abin da ya sa kowa ke bin 1050 Ti a irin waɗannan kwamfutoci shi ne wat 75 kawai yake ci, yawancinsu daga ramin bod suke shan wuta, ba sai ka sauya fawa fak, akwatin da ke ba kwamfuta wuta, ba. Wanda aka ba ni kuwa yana neman wayar wuta mai baki shida. Mai shagon ya haɗo min da 'yar wayar juyi ya ce, "Alhaji, ai wannan mai ƙarfin ne, shi ya sa yake neman ƙarin wuta. Ga shi har VGA gare shi, ba sai ka sayi sabuwar monita ba." Da faifan CD a cikin kwalin, ya ja min kunne in sa direban da ke kai, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin, kada in sauke na intanet, wai na intanet nauyi gare shi.

Da farko ya yi aiki. Hotuna suna buɗewa, YouTube yana tafiya, Windows ta rubuta sunansa da 4GB ɗinsa ɓaro-ɓaro. Fankokinsa biyu suna da ƙara, amma wanda ke aiki kusa da janareta ba ya ƙorafin fanka.

Ranar da ya tona min asiri, gwaggon wata amarya ce ta zo shagona ta ga bidiyon kamu da na dina kafin in juye mata a filashi. Dattijuwa ce mai mutunci, ta zo da 'yan mata biyu, na ba su kujeru, na juyo musu da monita. Aikin ya yi nauyi don na jera ɗaukar kyamara biyu da gyaran launi da rubutu. Muna zuwa daidai wurin da amarya ke shigowa, sai ƙananan murabba'ai kore da ruwan hoda suka fara fitowa a gefen allo, suka bazu har suka rufe shi kamar zanen atamfa. Fuskar amarya ta tsage gida-gida, rabin goshinta ya koma kan kafaɗar ƙawarta. Kibiyar linzami tana tafiya tana barin jela a baya. Kiɗan ya maƙale a wuri ɗaya yana maimaita kansa. Allo ya yi baƙi, ya dawo da ɗan saƙo a kusurwar ƙasa cewa direban allo ya daina amsawa amma ya farfaɗo. Ban gama karantawa ba ya sake ɗaukewa, wannan karon da shuɗin allo.

"Malam, lafiya? Ba dai bidiyon ne ya lalace ba?"

"A'a Hajiya, bidiyo yana nan lafiya lau, allon ne kawai."

"To, ni dai fuskar 'yata na gani ta zama kore."

'Yan matan suna ƙunshe dariya cikin mayafi. Na kashe na kunna, na sake buɗe aikin, muka isa wurin nan, ya sake yi. Hajiya ta miƙe ta gyara mayafinta, ta ce in na gama gyara in aiko mata. Ba ta yi faɗa ba, wallahi da faɗan ta yi ya fi min sauƙi. Bidiyon walima da muka yi maganar zan haɗa mata, wani ta kai wa. Wannan asarar ba ta cikin kuɗin kati, kuma ba wanda zai biya ni ita.

Na bi duk hanyoyin da aka sani. Na sauya wayar VGA da HDMI, na jona monitar maƙwabcina, duk ɗaya. Na ciro katin na hure ƙura na mayar, na ciro ram ma na goge bakinsa. Danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare yana sa allo ya ƙifta direba ya tashi sabo, yakan ba ni 'yan mintuna, sai murabba'an su dawo. Na ɗauki hoton allo daga cikin kwamfutar lokacin da ya rikice, na tura wayata, sai ga ɓarnar a cikin hoton. Da wayar monita ce ko monitar kanta ke da laifi, hoton zai fito tas. Na zare katin gaba ɗaya na mayar da wayar monita ramin bod, allo ya dawo garau, sai dai jan ƙafa.

Daga nan na ce bari in raba gardama da direba. Na shiga Safe Mode, na wanke tsohon da DDU, manhajar goge direba, na sauke sabo daga shafin Nvidia, kamfanin da ke da sunan GTX. Nan kuma wata sabuwa ta ɓullo. Rubutu ya yi manya-manya, allon ya koma na zamanin da, a Device Manager ga alamar ɗorawa a kan sunan katin da lamba 43, wato Windows ta tsayar da shi. In na mayar da direban CD ya tashi amma ya rikice da zarar aiki ya yi nauyi. In Windows ta sabunta direba da kanta cikin dare, da safe in tarar da lamba 43. Data ta ƙare, ta sake ƙarewa.

Wani yaro mai gyara ne ya warware min, kuma shi kam na yaba masa. Bai ce a yi fomatin ba, wanda shi ne maganin kowace cuta a wurin wasu masu gyaran. Ya dubi bayan katin ya yi murmushi, ya ce, "Oga, ina ka samo wannan?" Ya ɗora wata 'yar manhaja kyauta mai suna GPU-Z, ya juyo min da allo. A gaban sunan katin an rubuta FAKE. Ya bi da ni layi-layi da yatsa. Ƙwaƙwalwar 1050 Ti ta gaske, wato cif ɗin da ke tsakiyar katin, GP107 ce, mai ƙwayoyin aiki 768, ta fito a 2016. Tawa GF106 ce, ƙwayoyi 192, wato GTS 450, katin da ya fito tun 2010 da 1GB. Masu jabu suna tattaro tsofaffin, su sake rubuta bayos ɗin katin, 'yar manhajar da ke cikinsa mai faɗa wa kwamfuta ko shi wane ne, ya riƙa kiran kansa da sabon suna, su ɗora masa sabon murfi da fanka.

Sai komai ya zauna min daidai. Katin yana gaya wa manhaja yana da 4GB, ita kuma ta yarda. Muddin aikin bai wuce 1GB na gaskiya ba, lafiya lau, shi ya sa hotuna da YouTube ba su taɓa nuna komai ba. Da ya wuce, sai ta riƙa zuba hoto a wurin da babu shi, abin da ya dawo allo shi ne shirmen da Hajiya ta gani. Windows kuma daƙiƙa biyu take jiran katin ya amsa, in ya yi shiru ta tashi direban da ƙarfi, wannan ne baƙin allon da ɗan saƙon. Batun CD ma ba nauyin intanet ba ne. Tun 2018 Nvidia ta daina sa katunan zamanin GTS 450 a sababbin direbobinta, na ƙarshe da ke ɗauke da su shi ne 391.35. Sabon direba yana ganin suna 1050 Ti, ya nemi ƙwaƙwalwar 2016, ya tarar da ta 2010, ya tsaya. Ramin VGA kuwa, yaron ya ce katunan jerin GTX 10 sun bar fitar da siginar VGA, DVI-D da HDMI da DisplayPort suke zuwa da su. Ya kwance fankar don in gani da idona, an goge rubutun saman ƙwaƙwalwar har wurin ya yi sulɓi, man sanyayawar kuma ya bushe ya zama gari.

Na koma shagon da hoton GPU-Z a wayata. Gaskiya a faɗe ta, bai yi min rashin kunya ba. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo ruwa, ya dubi hoton ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wallahi mu ma haka aka turo mana su cikin kaya, ba ma buɗewa." Na yarda zai yiwu. Mutum yana sayar da caja da linzami da filashi, ba lallai ya san GF106 ba. A wurin na huce, har na ce a raina in ya dawo min da kuɗina zan rubuta cewa katin banza ne amma shagon ba laifi.

Sai ya fara lissafi. Wai an kwance fanka, don haka garanti ya tashi. Wane garanti ne a kan jabu? Sannan ya koma cewa wataƙila wutar unguwarmu ce ta taɓa shi, ko ina da sitabilaiza? Na ce masa wuta tana ƙona kati, amma ban taɓa jin ta mayar da shi baya shekara shida ba. Ina zaune nan maganar CD ta dawo min. Wanda ba ya buɗe kaya, ya aka yi ya san direban intanet ba zai yi ba, har ya ja min kunne tun kafin in fita daga shagon? Ko dai wani ya riga ni dawowa da lamba 43, ko dai an gaya masa tun wurin sari. Na ɗaga kai, ga 'yan'uwan katin nan a jere a kan kanta, kwali iri ɗaya, ba a sauke ko ɗaya ba. Har yaron shagon yana nuna wa wani ɗalibi ɗaya daga ciki yana ce masa yana ɗaukar kowace irin gem. Na ce wa ɗalibin, "Ƙanena, dubi bayansa tukuna." Fuskar mai shago ta canza, ya ma daina kira na Alhaji.

Tayin da ya yi min biyu ne. Ko in ɗauki wani daga cikin na kan kantar, ko ya ba ni rabin kuɗi yanzu, sauran in kaya sun fita. Na ce a jona sabon a nan shagon, mu ɗora GPU-Z, in ya nuna 768 na ɗauka har da godiya. Ya ce babu wuta, janareta kuma ba mai. Na karɓi rabin.

Yanzu girafik ɗin jikin bod nake lallaɓawa da shi, ina barin bidiyo yana fita cikin dare. Yaron mai gyara yana nema min na hannu na gaske, da sharaɗin a gwada shi a gabana da sabon direba da aikin bikin nan da ya rikice. Sauran kuɗina kuwa, na kira mai shagon ya ce bayan sallah, bai dai faɗi wacce ba.